Makirfon da na sayo wa Goggo daga Ankara

Bari in fara gyara zancen da ke yawo a layinmu. Ban je Ankara don in zama 'yar rawa a waya ba, kuma ba saurayi ne ya kira ni ba. Makirfo na je saya. Ankara kuma tamu ta Gana nake nufi, kada wani ya tambaye ni yadda na samu biza.

Dalilin tafiyar Goggona ce, yayar babana. Ita ce aluwanka a unguwarmu ta Akwatialine a Kumasi, wato mai yi wa amare wankan lalle da waƙoƙin da ake rerawa a kansa. Bayan Babbar Sallah za ta koma Dosso wajen ɗanta, ta kuma ce babu dawowa. Waƙoƙin nan ba wanda ya taɓa rubuta su. Na roƙe ta in ɗauka, ta ba ni Juma'a uku da sharaɗi biyu: ba za ta taka situdiyo ba, kuma namiji ba zai zauna a wurin ba. Juma'ar farko na ɗauka da wayata. Da na saurara, na ji dakan fufu, na ji rediyon maƙwabci, ita kuwa Goggo can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha huɗu, wa zan ce wa ya yi shiru? Na zaga shagunan Adum a tsakiyar gari, kowa sai ya miƙo mini kwali a rufe ya ce in biya kafin a buɗe. Ni ba na sayen abin da ban ji da kunnena ba.

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da ƙawata wadda ta fi ni iya yaren Twi da ciniki. A tashar Asafo muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka tarar kuɗin mota ya ƙaru a kan abin da aka gaya mana, muka shiga muka zauna jiran bas ta cika. Sai da rana ta fito ta cika. Daga Ejisu wani mutum mai kwat ya miƙe, ya fara da wa'azi ya ƙare da tallar magani. Kwalba ɗaya ce, amma tana maganin basur da ciwon baya da rashin haihuwa. Mutum uku suka saya. Ya sauka a Konongo.

Duwatsun Nkawkaw sun yi kyau, gajimare ya zauna a kansu, amma ni agogo nake dubawa. Gaba kaɗan muka faɗa inda ake gyaran hanya, muka yi ta rarrafe bayan manyan motocin albasa. A Nsawam masu talla suka rufe tagogi da burodi da soyayyar doya da gindin talotalo. Ƙamshin ya kusa kayar da ni, amma ban san wanda ya yanka ba, sai na tsaya a doya da barkono.

Bayan azahar muka sauka a Ankara, a tashar Circle. Na mayar da jakata gaba na rungume. Wurin nan kowa na jan hannunka, kowa yana da abin da kake nema tun kafin ka faɗa. A shago na huɗu ne aka yarda in gwada. Mai shagon ya ce, "Ƙaramar Hajiya, ga naki," ya ɗauko wata makirfo ruwan zinariya mai fitilu, ya ce kondensa ake ce mata, ita masu waƙa ke so. Ya kai ni wani ɗan ɗakin gilashi mai sanyi, ya sa mini abin kunne. Muryata ta fito kamar ta mai karanta labarai. Na ce ya ja waya mu fita bakin ƙofa. Ya ce ba a yin haka. Na ce to gidanmu ya fi kama da bakin ƙofarsa. A waje ta kwashe komai: ham ɗin motocin haya na tirotiro, injin wuta, har mai sayar da ruwa a ƙetaren titi.

Ya shiga ciki yana ƙunƙuni ya fito da wata baƙa marar kyau, dainamik, wadda ake haɗawa da waya da 'yar guntuwar igiya. Ita wannan kurma ce sai ga bakin da ya matso ta. Yatsa huɗu tsakaninka da ita, murya garau. Ka ja baya taku ɗaya, ka ɓace. Na ce ita nake so.

Saura hannun ƙarfen da ke riƙe ta, mai lanƙwasa, wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Mafi araha yana kuka duk lokacin da aka taɓa shi, kuma da na rataya makirfon sai ya sunkuya a hankali kamar mai gyangyaɗi. Na biyun ya tsaya inda aka bar shi. Amma duk don masu zama a tebur aka yi su, Goggo kuwa ba ta waƙa sai tana kan kujerar tsugunno, kai a sunkuye, hannu cikin ƙwaryar lalle. Sai na jawo akwatin lemo na zauna a tsakiyar shago, na duƙa ina dama iska, ƙawata tana sauko da hannun har bakina. Mutane suka taru. Mai shago ya tambayi ƙawata da Twi ko lafiyata ƙalau. Ta ce masa ya rage kuɗi zai gani. Makirfon da hannun tare ba su kai farashin mai fitilun ita kaɗai ba.

Muka kwana a unguwar Nima wajen innar ƙawata. Da safe muka ci wake da shinkafarsu da suke ta cika baki da ita. Ta yi daɗi, ba ta fi tamu ba. La'asar ta yi mana a Kumasi.

Ranar Juma'a na rasa tebur, sai na ɗaure hannun a leɓen turmi, ya zauna daram. Goggo ta kwaɓa lalle ta fara. Tana kai ƙarshen baiti, sai matan gida suka amsa daga inda suke, wata a bakin famfo, wata a gindin murhu, wata tana shanya. Na duba wayar, na ga ba abin da ya shiga sai Goggo. Na ji daɗi.

Da muka gama na sa mata abin kunne. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta cire.

"Ina mutane?"

"Na cire su, Goggo. Ke kaɗai ce, tsaf."

"To wa nake yi wa? Ki ji yadda nake yin shiru ina jira, ba mai amsa mini. Wanda ya ji wannan cewa zai yi tsohuwa ta zautu." Ta goge hannu a zane. "Rabin waƙar kika ɗauka, uwata. Kada ki ba kowa."

Na sake saurara ni kaɗai. Gaskiyarta. Bayan kowane baiti akwai rami.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Na iya gwada kaya, ba a cuce ni ba, makirfon ta yi daidai abin da na saye ta ta yi. Amma na yi tafiyar kwana biyu ban taɓa zama na tambayi mai waƙar mene ne waƙa a wajenta ba.

Juma'a ɗaya ta rage. Ba zan koma Ankara ba, ba kuma zan sayi komai ba. Makirfo tana nan a bakin Goggo, wayar ƙawata kuma zan rataye ta a igiyar shanya a tsakar gida, in haɗa biyun daga baya. Na riga na bi ɗaki-ɗaki na gaya wa matan: bayan la'asar kowacce ta tsaya a inda ta saba, ta yi aikinta, kuma kada wadda ta rage mini murya.