Fagen Waɗanda Aka Kayar

Gidanmu na Ƙofar Na'isa ba shi da wani abin nuna wa baƙo in ban da murhun Iya. Iya ita ce ta haifi babanmu, ni kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Idan aka sauke tuwon dare aka yi sallar isha'i, ba ta yarda a kashe wutar. Sai ta jawo tabarmar kaba kusa da garwashin, ta miƙe ƙafafu, ta binne gyaɗa a cikin toka mai zafi, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Haƙuri kam ba ta gaje shi ba, Allah ya ji ƙanta. Wanda ya yi hamma sai ta ce ya tashi ya ba mutane wuri, wanda ya katse ta kuma ya yi asarar rabonsa na gyaɗa.

Mutum ɗaya ne yake katse ta ya kwana lafiya, shi ne autanta, Baffa Sabo. Dukanci yake yi a Jakara, amma kowa ya san zuciyarsa ba ta rumfar. Gola ne a wata ƙungiyar ƙwallo ta gari, gwiwoyinsa kullum a kuje. Yakan shigo da 'yar rediyonsa a kafaɗa, ya tsuguna ya wawuri gyaɗar Iya da zafinta, ya fara ba mu labarin da ba wanda ya tambaye shi. A bakinsa na fara jin cewa an ƙirƙiro wata gasa ta zakarun ƙungiyoyin Afirka, kuma shi ya ɗaura niyyar wata rana sai ya tsare raga a cikinta.

"Ƙasa guda, ƙungiya guda, Iya," in ji shi. "Wadda ta fi kowa a ƙasarta ita kaɗai za ta je. Ku je gidansu, su zo gidanku. In sun fi ku, shi ke nan, kun fita. In ma jirgi ya hana ku zuwa, an cinye ku kuna zaune. An ce har akan yi canjaras a rasa yadda za a yi, sai a jefa ƙuri'a."

Iya ta taɓe baki. "Wannan ai kokawa ce aka lalata ta da guje-guje. Kai da kake ɗinka fata da hannunka, ka koma kana faɗuwa a ƙasa saboda ita."

Duk da haka maganar ta zauna mata, domin ba a jima ba ta kawo mana wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Ta ce a wani zamani an yi wani sarki da ya aika kowane gari ya turo masa gwaninsa na kokawa, guda ɗaya tak. Garin marina suka tura wani saurayi, Na-Karofi, mai hannuwa baƙi ƙirin saboda baban rini, ɗan wata tsohuwa da ba ta da kowa sai shi. Dokar fagen ita ce duk wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya kama hanyar gida. Na-Karofi ya kayar da gwanin maƙera, ya kayar da na mahauta, ya ɗaga na masunta sama har sai da ya kira sunan uwarsa. Ranar ƙarshe, da sanyin safiya, ƙafarsa ta zame a kan ciyawa mai raɓa, ya tafi ta baya. Sarkin fage ya ɗaga hannun abokin karawarsa. Na-Karofi ya karkaɗe jikinsa ya koma gida, tsohuwar ta dama masa fura, washegari ya koma bakin karofi. Daga nan sai Iya ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus, na datse kan ɓera, kowa ya nufi shimfiɗarsa."

Mu dai ƙarshen nan bai yi mana ba. Na ce, "Iya, santsi ne fa. A bar shi ya sake mana."

"Bayansa ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba, Takwara?"

"Ya taɓa."

"To tashi ki ba ni wuri."

Baffa Sabo ya yi ta dariya, yana cewa Iya ta fi alƙalan wasa tsauri. Sau da yawa muka roƙa ta maimaita ta, kullum da fatan za ta sassauta, kullum kuma Na-Karofi ya koma gida ya sha furarsa.

Sai garin ya rikice. Ni yarinya ce, abin da na gani kaɗan ne: an hana mu leƙa ƙofar gida, manya suna magana ƙasa-ƙasa, kuma wata rana Baffa ya dawo ya zauna a zaure bai ci abinci ba. Daga baya na fahimci cewa kusan rabin 'yan ƙungiyarsu mutanen kudu ne da ke zaune a Sabon Gari. Wasu sun samu jirgin ƙasa sun tafi, wasu ba a san inda suka yi ba. Ya daina zuwa fili. Takalman ƙwallonsa suka yi ta rataye a jikin ƙusa har fatar ta bushe. Da yaƙin basasa ya ɓarke aka fara ɗaukar samari soja, wata yamma sai ga shi ya shigo da kai a aske ƙwal.

Babanmu ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kira dattawan unguwa. Duk a banza, ya riga ya ba da sunansa. Iya ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dai riƙe wuyan hannunsa ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ce, "To wa zai tsare musu ragar?"

"Iya, ai ƙungiyar ma babu ita," in ji shi.

Matar da take tsawata wa gida guda ya yi tsit, ranar na ga ba ta da iko a kan komai, kuma abin ya tsorata ni fiye da labarin yaƙin.

A watannin da suka biyo baya an ce a riƙa rage haske da dare saboda jirgin sama, don haka Iya takan kife wani tsohon kasko a kan rabin garwashin. Da farko saƙon Baffa yana zuwa ta bakin waɗanda suka dawo jinya: yana lafiya, yana gaida Iya, a adana masa takalmansa. Sannan saƙon ya ɗauke.

A cikin wannan shirun ne tatsuniyar ta sauya. Wata rana Na-Karofi ya zame a kan raɓa kamar kullum, muna jiran ya karkaɗe jiki ya kama hanya, sai muka ji Iya ta ce, "Ashe sarkin nan yana da wani fage a bayan gari, na waɗanda aka kayar. Aka ce da shi kada ya tafi tukuna, ya je can ya sake gwadawa."

Na ce, "Iya, da ba haka kika ce ba."

"Tatsuniyarki ce ko tawa?"

Da farko ma murna muka yi, tunda abin da muka daɗe muna roƙo ke nan. Amma fagen bai tsaya a ɗaya ba. In aka kayar da shi a na bayan gari, sai a samu wani a gindin tsamiya. Can kuma sai ta ce an tara su rukuni-rukuni, kowa sai ya kama da kowa, faɗuwa ɗaya ba ta korar mutum. Dare bayan dare Na-Karofi yana faɗuwa yana tashi, bai ci ba, ba a kuma sallame shi ba. Iya ta daina tafa hannu. Muryarta takan yi ta raguwa har ta tsaya, ta bar mu muna kallon garwashi, ba mu san ko mu tashi ko mu zauna ba. Ƙananan su yi barci a nan, iyayensu su zo su kwashe su.

Wata rana mahaifiyarmu ta gaji, ta tsuguna kusa da ita ta ce a hankali, "Iya, ki rufe musu mana, su je su kwanta."

Iya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ta yaya zan rufe, yaron bai iso gida ba?"

Mahaifiyarmu ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. A nan na gane ko wane ne yake faɗuwa a fagen nan kullum, kuma na ji wani irin tausayi da ban san inda zan ajiye shi ba. Tun daga ranar ban sake yi mata gyara ba.

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo, wasu da ƙafafunsu wasu da sanda. Babanmu ya yi ta zirga-zirga tsakanin bariki da tashar jirgin ƙasa har aka san fuskarsa. Wani ya ce ya ga Baffa a bakin wani kogi ana shirin haye, wani ya rantse ya bar shi a asibiti yana cin abinci. Ba wanda ya ga gawarsa. Bayan shekaru malamai suka ba da shawarar a yi masa sadaka a huta, Iya ta ce ba da ranta ba. Haka ta rasu, mu kuma bayanta ba wanda ya iya ɗaga maganar.

Yanzu ni ce tsohuwar gidan, kuma ina da jika, Sadiƙu, da ya cika mini falo da hayaniyar ƙwallo. Shi ya zauna ya bayyana mini yadda gasar nan ta Afirka ta koma. Ya ce daga baya an ƙaro wani kofi, aka sake ƙaro wani, sannan aka haɗe biyu suka zama ɗaya. Ƙasa guda tana iya tura ƙungiyoyi da dama. Ana zuba su rukuni-rukuni, kowa ya kara da kowa. Har an yi lokacin da in an fitar da ƙungiya daga babban kofin, sai ta gangara ƙaramin ta ci gaba. Na saki baki ina kallonsa, domin duk wannan na riga na ji shi a bakin murhu, daga matar da ba ta taɓa ganin filin ƙwallo ba.

Rannan na tarar da shi ya haɗa kai da gwiwa, an ci ƙungiyarsa. Na ce, "Sai haƙuri, an fitar da ku ke nan?"

"A'a Hajiya, da saura. In waccan ta ci waccan, mu kuma muka ci da ƙwallo biyu a waje, za mu iya wucewa."

Na dube shi, yaro da idanu jajur yana ƙirga abin da ba ya hannunsa. Shekaru na yi ina ganin tsohon tsarin mugunta ne, faɗuwa ɗaya a kori mutum. Yanzu ban sani ba. A tatsuniyar farko, wadda muka tsana, tsohuwar nan ta ga ɗanta ya shigo, ta dama masa fura. An kayar da shi, amma ta san inda yake. Iya ta buɗe fage bayan fage don ba ta da abin da za ta iya yi wa ɗanta sai wannan, kuma jiran nan shi ya cinye ta a gaban idonmu, ba mu da yadda za mu yi.

Da yana nan, da yanzu Baffa Sabo tsoho ne tukuf. Duk wanda ya rasu a gidanmu, bakina ya saba da addu'arsa. Shi kuwa in na zo kansa bayan salla sai in tsaya, hannuwana a sama. Har yau ban iya cewa Allah ya ji ƙansa ba, kuma na ji kunyar ci gaba da cewa Allah ya dawo da shi.