Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yayana shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. Mutuniyar Tsafe ce ta ainihi, kunyar ɗan fari gare ta har da ta sayarwa. In zancensa ya zama dole sai ta ce "wancan na Gusau". In ya shigo gaishe ta, sai ta juya baya ta kama tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

Shi kuwa likitan ido ne, a lokacin da irinsu ba su cika hannu ba a ƙasarmu. Zamanin mulkin soja ne, ina zaune wurinsa a Sabon Gari ina makaranta. Ran Asabar yakan shiga ƙauyukan Bungudu duba idanu, ya dawo ya hana mu sakat da ƙarar tafireta, yana aika rubutunsa ga mujallun likitoci na ƙasar waje. Wata rana na tambaye shi amfanin wannan wahala.

Ya ce, "Auta, a aikinmu ba a auna ka da idon da ka buɗe. Dubawa akai sau nawa wasu marubuta sunka ambaci sunanka cikin nasu rubutu. In ba a ambace ka ba, awa ba ka yi komi ba."

Ni da bakina ba linzami na ce, "Kai da ko Inna ba ta ambatonka, Bature za ya yi?"

Ya yi dariya, amma ta yaƙe ce.

Ana nan cutar yana ta fara rufe idon Inna. Ni na gane, ranar da na je Tsafe ta zuba mini gishiri a koko. Yaya ya zo Tsafe da 'yar fitilarsa ta duba ido, ya durƙusa a bakin ƙofa ya roƙe ta. Aikin a wurinsa kamar cire ƙaya ne. Amma ba ya yiwuwa sai ta kwanta a gabansa, ya riƙe fuskarta, ta dube shi ido cikin ido. Ta ja mayafi ta ce da ni, ba da shi ba, "Hwaɗa mai lahiyata lau." Ya ce to zai kai ta Kaduna wurin abokinsa. Ta ce a bari kaka ta wuce. Ita a ganinta ko motarsa ta shiga ta ci moriyar ɗan fari, mata su yi da ita.

Kafin a gama yankan gero ta sa maƙwabciya ta rako mata wani mai magani da ke zuwa ran kasuwa, mai ture yanar ido da allura. Ta ga haske na 'yan kwanaki, har ta zura zare. Daga nan idanun suka kumbura, suka kama ruwa. Ranar ce kaɗai Yaya ya taɓa fuskarta, don zafi ya hana ta gardama. Ya duba, ya kashe fitilar, ya fita zaure. Na bi shi na tarar yana kuka kamar yaro. Har gobe ina jin haushin abin nan, kuma ban san wa zan ɗora wa ba.

Bayan haka ya bi ƙauyuka yana tattara labarin waɗanda allura ta makanta, ya rubuta. Inna na ciki, ba suna, "tsohuwa daga Tsafe" kawai. Wannan rubutu shi ne ya karɓu. Wani abokinsa da ke karatu a waje ya aiko cewa ana ta ambatonsa, aka ƙara masa girma, mutane suka cika gida da barka. Shi ko tafireta bai sake buɗewa ba.

Da hutu muka je Tsafe. Na shiga ɗaki, shi ya tsaya bakin ƙofa yadda ya saba, bai kai ga sallama ba. Inna tana tsammanin ni kaɗai ce. Ta laluba ta kama hannuna.

"An ce sunan wancan ya kai ƙasar Turawa?"

Na ce ya kai.

"Suna ta hwaɗi nai?"

"Suna yi, Inna."

Ta matse hannuna. Can ta ce, "Allah sa suna hwaɗi nai daidai. Suna ne mai daɗi. Ni na zaɓe shi."

Na ga leɓunanta sun motsa, sun haɗa sunan tun daga farko har ƙarshe, ba sauti. Na waiwaya don in ga ko ya gani. Kansa na ƙasa, yana kwance igiyar takalmi.