Ranar da Karen Clarrie Ya Ƙoshi

A Tarrabong layin dogo ya ƙare, can yammacin Queensland, shi ya sa duk abin da jirgin ƙasa ya kawo mana sai ya gama galabaita a hanya, daga jarida har kabeji har fim. Wanda ke karɓar gwangwanayen fim ɗin a tasha, a shekarun da suka biyo bayan babban yaƙi, shi ne Clarrie Hatchett, wani dogo siriri mai kunnuwa fato-fato, wanda rashin sa'a ke bi kamar ya ci mata bashi. Ya gwada askin tumaki, rago ya tunkuye shi ya karya masa haƙarƙari. Ya gwada kiwon shanu a kan doki, dokin ya dawo gida shi kaɗai, Clarrie ya biyo baya da ƙafa washegari. Da ya je shiga soja, likita ya dubi tafin ƙafarsa ya ce ya koma gida kada ya ɓata musu takalmi. A ƙarshe Mista Katsaros, Bagirken nan mai gidan abinci da silima, ya ji tausayinsa ya koya masa haska fim, ya sa shi a wani ɗan akurkin kwano a saman ƙofa, inda zafi ke gasa mutum kamar burodi. Nan ne kaɗai Clarrie ya zauna daram.

Asabar da rana ta yara ce. Su cika kujerun tamfol, ƙafa ba takalmi, suna gangara alewa a kan daɓen katako don kawai su ji ƙararta. Kafin babban fim sai an fara da katun, ɗan gajeren nan na zane da ake kawowa daga Amurka, kuma wanda ya fi zuwa mana shi ne na wani ƙaton kare mayunwaci da wani ɗan banzan talo-talo. Labarin ɗaya ne kullum. Kare ya hango cinyar nama a kan tebur, ya lallaɓa, ya miƙa hannu, sai talo-talo ya sako masa dutsen guga a ka. Ya baje kamar fanke, ya miƙe, ya kakkaɓe jiki, ya sake komawa. Yara su yi ta shewa. Clarrie kuwa, tuzuru har da furfura a gefen kai, yana leƙe ta 'yar tagarsa yana ƙyaƙyata dariya har da hawaye. Abin da ke kashe shi shi ne yadda kiɗa ke bin sawun karen: in ya yi sanɗa kiɗa ya yi sanɗa, in ya gangaro daga bene kowace matakala da nata sautin. Sai kuma girar karen, yadda takan ɗan ɗaga kafin abu ya faɗo masa, kamar dama ya san zancen.

Mutum ɗaya ce a silimar ba ta taɓa ko murmushi ba. Misis Thelma Rourke, wadda mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, ita ke yawo da tiren askirim da alewa idan an tsaya hutu. Mace ce kakkaura, mai tsabta, gwanar girki, bakinta kuma ba linzami. Clarrie ya mutu a kanta. Duk gari an sani, har yaran ma, don da ta shigo da tirenta sai ka ga hoton fim ɗin da yake haskawa ya karkace a bango. Ya nemi aurenta a bakin tasha, ta ce a'a. Ya nema bayan an tashi daga coci, ta ce a'a. Ya kai mata kaza, ta karɓi kazar, ta ce a'a.

Hujjarta kuwa katun ɗin nan ce. Takan ce ita ba za ta auri mutumin da ke dariyar dabba mai jin yunwa ana rotsa mata kai ba. Ta ce masu zanen ragwaye ne, labari ɗaya suke ta juyawa kamar tsohuwar riga, kuma ba su san da wata ƙasa a duniya ba sai tasu: ana Kirsimeti muna narkewa da zafi, su ga karensu can yana sulu a kan ƙanƙara. Ta ce yara na koyon cewa in ka maka wa wani kasko a ka tashi zai yi garau, ga ɗan maƙwabtanta ya gwada a kan ƙanensa sai da aka yi ɗinki. In kuma suka tashi zana baƙin mutum ko ɗan Sin, sai su yi masa leɓe ko haƙora na wulaƙanci, abin kunya ga manyan mutane. A nan Clarrie ba ya musu, don shi ma in an zo wurin yakan kau da kai. Amma karen, ina! Karen nasa ne, yana son sa har cikin ransa.

Wata Asabar, yana taya ta tsince kofunan takarda bayan yara sun watse, ya sake gwada sa'arsa. Ta ajiye tire ta dube shi sama da ƙasa.

"Clarrie, ka ishe ni. Ran da karen nan naka ya ci abincinsa ya ƙoshi ba wanda ya taɓa shi, ran nan ka zo da zobe."

Ita a ganinta ta rufe ƙofa ke nan har abada. Shi kuwa gogan naka ya ɗauki maganar da gaske.

To ga yadda aikin yake. Fim gari-gari yake bin layin dogo, kowane mai haskawa in ya ga inda ya yage sai ya sa almakashi ya datse, ya manne da gam, ya tura gaba. Kafin ya iso mana ya sha yanka, har wani lokaci ka ga talo-talo ya ɗaga guduma, ƙiftawar ido sai ga kare a kwance. Daga wurinmu kamfani ake mayar wa a Brisbane, kuma ba mai zama ya auna tsawonsa. Sai Clarrie ya shiga 'yan tsakure-tsakure. Duk katun ɗin da ya zo, da safe kafin kwano ya ɗau zafi, sai ya ɗaga shi a hasken taga yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda karen ke cikin jin daɗi. A wannan ya sami inda ya shinshina nama. A wancan ya sami inda ya ɗaura adiko a wuya yana wasa wuƙa. Cizo kuwa sai da aka yi wata da watanni, ya tsinci ɗaya nan ɗaya can, kowanne daf da lokacin da nakiyar da talo-talo ya cusa a naman za ta fashe masa a baki. Clarrie ya datse kafin fashewar.

Ƙoshin ne ya ba shi wahala, don karen bai taɓa ƙoshi ba tun da aka zana shi. Har ya fara rama don damuwa. Sai ga wani katun inda talo-talo ya cusa wa karen famfon keke a baki ya hura shi, ya bar shi kwance ciki tirtsitsi, ido a lumshe. Clarrie ya daka tsalle don murna har ya ƙume kansa da rufi.

Abin dariyar shi ne, ragwancin nan da Thelma ke zargi shi ya cece shi. Da yake tafiya ɗaya da tebur ɗaya da cinya ɗaya masu zanen ke maimaitawa, gutsattsarin suka haɗu kamar dama tare aka yi su. Kiɗan ne kawai ke tsalle-tsalle kamar mai shaƙuwa.

Ranar da ya shirya, ya ɗaura naktaye a cikin wannan zafin, ya sa zobe a aljihu, ya roƙi Thelma ta tsaya a baya ta kalla ko sau ɗaya. Bai gaya wa kowa komai ba. Aka kashe fitila. Kare ya fito ya shinshina nama, yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa suna zungurin juna. Ya ɗaura adiko, wasu suka dafe kai suna jira. Ya kai cizo. Ya sake kai wani. Ba dutsen guga, ba kasko, ba ko inuwar talo-talo. Kare ya kwanta da ƙaton ciki ya lumshe ido, fim ya ƙare.

Can sai hayaniya ta ɓarke. Yara suka hau buga ƙafa a katako suna jifan bango da alewa, suna ihun a fito musu da talo-talonsu, wata 'yar ƙarama har da kuka wai an cuce su. Mista Katsaros ya rugo daga gidan abinci da cokali a hannu yana zazzaga masifa da yarensu. Clarrie ya zille masa ya biyo tsanin akurkinsa, ya zame a matakalar ƙarshe, ya faɗi ragwaf a gaban Thelma. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, yana satar kallonta, don ya san in ta ce maguɗi ne ba shi da bakin magana.

Ita kuwa tana tsaye, kafaɗu a ɗage, wuya a noƙe, askirim na narkewa a tire.

"Tun da ya ɗaura adikon nan nake jiran dutsen guga," in ji ta. "Wuyana har ya ƙage." Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a ji ta yi ba tun rasuwar mijinta. Ta share ido ta miƙa masa hannu. "Kawo zoben, Clarrie, tun wani abu bai faɗo maka ba. Kuma mako mai zuwa ka mayar wa yaran mutane talo-talonsu."

Sun daɗe tare. Talabijin ta zo, silima ta koma rumbun ajiye ulu, Clarrie ya koma gyaran rediyo. Thelma ba ta taɓa sauya ra'ayi a kan katun ba, shi ma bai sauya ba, kuma duk wanda ya je shan shayi gidansu sai ya ji wannan gardamar. Amma kullum in ta ajiye masa cinyar rago da dankali, sai ya ɗaura adiko, ya ɗauki wuƙa, girarsa ta ɗan ɗaga, ya saci kallon rufi. Ba da wasa yake yi ba, bai ma san yana yi ba. Mutumin da ya saba da faɗuwa ne, har ya tsufa bai gama yarda wannan rabon nasa ne ba. Ita kuma sai ta dafa kafaɗarsa ta tura masa faranti.

"Ci abinka, Clarrie. Ba komai a sama."