Shanun Jauro Buba da Allurar Hapsatu

A gidanmu na Bahuli, da zarar an sauke tukunyar tuwo bayan magariba, sauran garwashin na Maama ne. Ita ce mahaifiyar babanmu. Takan jawo kujerarta gaban murhu, ta tura dankali cikin toka, mu kuma mu kewaye ta. Fulatanci ne harshenta, Hausarta ba ruwanta da bambancin "ya" da "ta", amma idan ta fara ba da labari ko mai tari sai ya haɗiye tarinsa.

Shekarar da nake aji uku, ƙyanda ta shigo unguwarmu da bazara. Aka yi shela a kai yara allurar rigakafi. Ni an yi mini tun ina jaririya, amma ƙanwata Hapsatu ba a yi mata ba. Baba ya ce ba inda za ta je, don ya ga ɗan maƙwabcinmu ya kwana da zazzaɓi bayan allura.

"Yarinya lafiyarta ƙalau, a je a sa mata ciwo?" in ji shi.

 

Da yamma Baba yana zaune bakin ƙofarsa da rediyo, sai Maama ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Ga ta nan tafe, ku matso."

"Ta iso mu ji ta," muka amsa.

Ta ce a can wajen Belel an yi wani makiyayi, Jauro Buba. Ciwon huhu ya faɗa wa shanun ƙasar, saniya ta yi tari yau, jibi a ja mushenta. Sai wata tsohuwa ta ce masa ya yanko ɗan huhun wadda ta mutu, ya tsaga hancin masu lafiya, ya cusa musu kaɗan. Mutane suka ce Jauro ya haukace. Hancin shanun ya kumbura, suka ƙi kiwo, har maraƙi ɗaya ya mutu. Ya kwana uku yana kuka a cikin garke. Sannan shanun suka miƙe. Da ciwon ya dawo da damina, ya share garken maƙwabta, na Jauro kuwa suna tsaye suna tuƙa.

"Don me, Maama?" na tambaya.

"Don jikin saniya ya riga ya ga fuskar ɓarawo," ta ce. "Wanda ka taɓa kamawa da rana, in ya dawo ba ka tambayar sunansa."

Ta tono dankalin ta raba mana, ta ce kan kusu ya ƙone, kowa ya tashi. A lokacin ne na lura rediyon Baba a kashe yake.

Da safe shi da kansa ya ɗora Hapsatu a kan keke. Ta dawo tana kuka, bayan kwanaki jikinta ya yi ɗumi, Baba ya yini yana taɓa goshinta. Ta warware. Kafin ruwa ya sauka, ƙyanda ta ɗauki yara biyu a layinmu, ɗaya ƙawata ce, Ladi, da muke zuwa ɗiban ruwa tare a mayo, wato rafi. Hapsatu ko ƙurji bai fito mata ba.

A sakandare malaminmu ya bayyana mana cewa jini na da mayaƙansa, allurar kuma ƙwayar cutar ce da aka raunana, don su san ta kafin mai ƙarfin ta zo. Na ji daɗi, ina ganin na gama fahimtar tatsuniyar.

Ashe da saura. Bayan rasuwar Maama, ran da na dawo daga kai ɗana nasa rigakafin, na biya ta gida na tuna wa Baba labarin Jauro, ina dariyar yadda tsohuwa ta yi masa dabara. Bai yi dariya ba.

"Ina da wa, sunansa Umaru," ya ce. "Tabarma ɗaya muke kwana. Ƙyanda ta kama mu tare, ni na tashi. Shi da ƙanwarmu mako ɗaya aka binne su. Lokacin ba allura a ƙauyenmu."

Na ce ban taɓa jin Maama ta ambace su ba.

"Ba ta iya faɗin sunansu," in ji Baba. "Shi ya sa ta ce shanu."