Jirgin Soso a Gonar Gyaɗa

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu uku: ni, da mai motar, da abokina mai haɗa mana wayoyi. Na huɗunmu yana kujerar baya a lulluɓe da zanin gado kamar amarya, wato jirgin nan da kuka daɗe kuna ganin hotonsa tun yana gutsattsari. Ga wanda bai sani ba, ƙananan jiragen sama nake haɗawa da farin soson da ake kare firji da shi a kwali, in sa musu ɗan inji da batir, in tuƙa su daga ƙasa da rimot. Wannan ya fi duk na baya cin raina. Siffar tsohon jirgin yaƙi na yi masa, na shafe shi da fenti kalar kakin soja, na zana masa baki mai haƙora a hanci, har da bindigogin ƙarya na tsinken tsire a fukafukai. Ban taɓa tayar da shi ba sai ranar.

A cikin birni babu wuri. Duk filin da ka samu, ko 'yan ƙwallo sun riga ka, ko wayoyin lantarki sun yi masa saƙa. Mai motar ne ya ce ya taɓa kai kayan rijiyar burtsatse wani ƙauye ta wajen Shanono, ya ga fili har iyakar gani. Muka yarda da shi, kamar yadda muka saba yarda da shi mu dawo muna nadama.

Mun wuce Dawanau manyan motoci na lodin hatsi, muka tsaya Bichi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya ƙoshi. Da mai shayin da ke gefe ya ji inda muka nufa, sai ya dube mu ya ce Allah ya tsare, kada mu kai la'asar. Daga nan dariya ta fara raguwa a motar. Bayan mun saki kwalta muka riƙa cin karo da shingen 'yan sa-kai, gungumen ice a tsakiyar hanya, samari da gora da adaka, idanunsu jajur na rashin barci. Kowa ya san ɓarayin daji sun fara leƙo wannan yanki, amma jin labari a rediyo daban, ganin fuskar mutanen daban.

Filin da aka yi mana alkawari dai gonaki ne. An girbe gero an jera dammuna, dawa na tsaye ta fi mutum tsayi, kuma ba ka tafiya kaɗan sai ka ga rumbuna da dangar gida. Da ƙyar muka samu wata gonar gyaɗa da aka tone, a bayan wani ƙauye. Abokina ya ce mu shiga gari mu gai da mai unguwa tukuna. Na ce in rana ta ɗaga iska za ta taso, mu yi tashi ɗaya kawai, gaisuwa ba guduwa za ta yi ba.

Na sa batir, abokina ya ɗaga jirgin sama da kansa ya wurga. Jama'a, ya tashi. Ya miƙe kamar an ja shi da zare, farfela na kuka, na karkata shi ya zagayo ta kan rufin gidajen. Har na fara ce wa mai motar ya ɗauki hoto, sai muka ji ihu daga cikin gari, ihun mata da yara, ga ƙarar ƙofofin langa-langa. Ta gefen ido na hango mata suna faɗawa cikin dawa da goyo. Ba halin in juya, don wanda ke tuƙa irin wannan jirgi in ya ɗauke ido daga kansa ya rasa shi.

Kafin in daidaita shi maza sun cika gonar. Wani ya saita adaka sama, wani ya saita ta kanmu. Wani dattijo mai jar hula, shugaban 'yan sa-kan, ya tsaya a gabana.

"Sauko da shi. Yanzu."

Na kashe injin, jirgin ya zo ya daki kunyar gyaɗa ya kife. Ba wanda ya matsa kusa da shi. A cikin taron wani ya ce infoma ne na ɓarayin daji, sun zo ɗaukar hoton gari. Na san abin da wannan kalma take jawo wa baƙo a tsakiyar jama'a, ku ma kun sani. Mai motar, da bakinsa ba ya mutuwa, sai innalillahi yake maimaitawa. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba, har na tuna ban gaya wa mahaifiyata inda za ni ba.

Dattijon ne ya ɗaga gora ya ce kowa ya ja baya, ba a hukunci a gona. Aka tasa ƙeyarmu zuwa zauren mai unguwa, ni ɗauke da jirgin, tunda ba mai yarda ya taɓa shi.

Mai unguwar tsoho ne siriri, yana magana a hankali. Muka zube muka kwashi gaisuwar da ya kamata mu kawo tun da safe. Ya ce sun sami labari daga garuruwan yamma cewa kafin a shigo wa mutane, akan fara turo ɗan ƙaramin jirgi mai kyamara ya ƙirga shanu da hanyoyi. Na rantse babu kyamara a nawa. Aka karɓi wayata, ga ta cike da hotunan jiragen yaƙi da na kwaikwaya.

"Samari, rantsuwa ba ta buɗe ciki," in ji mai unguwa. "Buɗe mana mu gani."

Na cire murfin batir na nuna. Suka ce hanci fa, fukafukai fa? Sai dattijon mai jar hula ya miƙo mini wuƙarsa. Da hannuna na tsaga hancin da na ɓata makonni ina gogewa, na farke fukafukan, na zare wayoyin na shimfiɗa a tabarma. Wani ya ɗauki bindigar ƙaryar ya jujjuya, ya ce ai tsinken tsire ne. Mutum biyu suka yi 'yar dariya.

Amma ba a sallame mu ba. Duk waɗanda suka gudu sun dawo, ban da mace ɗaya mai jego da jaririnta. Mijinta na tsaye a ƙofar zaure yana kallonmu. Mai unguwa ya ce za mu zauna har a gan ta, kuma bai faɗi abin da zai biyo baya in ba a gan ta ba. Aka kawo mana fura muka kasa sha. Muna jin maza na kiran sunanta a cikin dawa, muryoyin na ƙara nisa. A nan muka yi azahar, ban taɓa tsawaita sujada irin ta ranar ba.

Rana ta karkata aka same ta a wani kwazazzabo, ta toshe bakin jaririn da nono don kada ya yi kuka. Da ta ji ana kiranta ta ƙi amsawa, wai ta ɗauka ɓarayi ne suka tilasta musu. Aka zo da ita ƙafafunta duk ƙaya da jini. Ta leƙo zauren, ta daɗe tana kallon tarkacen soson da ke kan tabarma.

"Baba, wannan ne abin?" ta tambayi mai unguwa.

Ya ce shi ne. Sai ta zauna a dokin ƙofa ta fashe da kuka. Na sunkuyar da kai na shiga tattara tarkacen.

Da zai sallame mu, mai unguwa ya ce da mun zo wurinsa tun farko, da ya sa an yi shela, gari duka ya fito kallo, shi ma a kawo masa kujera. Ya haɗa mu da mai babur ya raka mu har kwalta.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. Na zuba tarkacen a bayan ƙofa, har yau ban taɓa su ba. Abin da na koyo shi ne babu filin da ba na kowa ba a ƙasar nan, kuma sararin saman ƙauye ma da masu shi. Jirgi zan iya sake haɗa wani, soso ba ya ƙarewa a kasuwa. Matar nan kuwa, duk ranar da wani abu ya yi ƙara a sama za ta sake ɗaukar ɗanta ta gudu, kuma da hannuna a ciki.