Yaƙin da Ke Bayan Kanta

A ofishin ajiyar kaya na tasha akwai wani dattijo siriri, tabarau a ƙarshen hanci, waya maƙale a kunne. Ina tsaye da jakata, shi kuwa hankalinsa yana kan teburin da ke bayan kanta. Taswira ce shimfiɗe, gida-gida kamar saƙar zuma, ga kogi, ga gada, ga ƙananan sojojin katako ja da baƙi.

"Baba, wata uku muna cin abinci a kan cinya saboda yaƙin nan naka," in ji wata mai shara da ke wurin.

"Yi haƙuri, 'yata, Yaya ne ke motsi." Ya koma kan wayar. "To, Yaya, tankokinka biyu su koma bayan tudu? Ka tabbata?"

Yana ɗaga baƙaƙen, na yayan nasa, da yatsu biyu, yana ajiye su daidai inda aka ce, ko gida ɗaya ba ya ha'inta. Ina jin tun suna samari suke wannan wasa gwiwa da gwiwa, kafin aiki ko tsufa ya kai yayan wani gari mai nisa.

Ko ni da ban san dokar wasan ba, ina ganin gadar ta zauna ba mai tsaro, jajayen dattijon kuma suna bakinta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya janye su baya.

"Kai, Yaya, ka toshe ko'ina," yake cewa. "Sai na yi tunani. Ka kira ni gobe."