Ƙwaryar da Na Zana a Ofishin Baba

Wata Asabar ce cikin daminar 1998, ina aji biyar na firamare, Inna ta ɗora mini kwanon dambu a ka ta ce in kai wa Baba ofis tun bai huce ba. Baba akawu ne a ofishin ma'aikatan ruwa a Tiga, kuma a 'yan makonnin nan har Asabar yake fita saboda aiki ya taru. Na ratsa ta gonakin masara, na tsallake kwatar da ruwa ya cika, na isa da taɓo har idon sawu. Da na yi sallama na leƙa, sai na ga Baba ba ya gaban tafiretarsa. Yana zaune gaban wani abu kamar talabijin, hannunsa na dama a kan wani ɗan abu mai igiya yana tura shi a kan tebur. Ya ce in goge ƙafa in matso. Ya ce wannan ita ce kwamfuta, ɗan abin kuma maus. Ya kama hannuna ya ɗora a kai, ya ce in danna in ja. Na ja. Wallahi sai ga baƙin layi ya fito a jikin gilashin, a karkace, daidai yadda hannuna ya karkace! Na saki da sauri na duba tafina ko ya yi baƙi. Baba ya yi ta dariya har dambun da aka ce kada ya huce ya huce.

Ni dama tun kafin nan mayyar zane ce. Babu bangon da ya tsira daga gawayina a gidanmu, har jikin rumbu da murfin randa. In an aike ni ɗebo ruwa sai in ajiye bokiti in tsuguna a rairayin bakin kwata ina zana kwale-kwalen masunta da tsinke, sai an biyo sahu. Wadda ta ɗauki abin da gaske ita ce Goggo Adama, yayar Baba, da ke aure a wata ruga can bayan dam. Tana kawo nono cikin gari, amma abin da aka fi saninta da shi shi ne zanen ƙwarya. Duk hutu can ake kai ni. Da hantsi, bayan an gama tatsa an kora shanu, sai ta hura garwashi a gindin ɗorawa, ta cusa bakin wuƙaƙenta biyu a ciki har su yi ja. Ta zaro ɗaya ta ɗora a bayan ƙwarya, hayaƙi ya tashi da wani ƙauri mai daɗi, kafin ta huce ɗayar ta yi zafi. A bakin kowace ƙwarya takan jera wasu 'yan tsinaye masu kusurwa uku da take kira haƙora, su zagayo su haɗu daidai inda suka fara, babu babba babu ƙarami.

Sirrin kuwa zare ne. Kafin wuƙa ta taɓa ƙwarya, Goggo takan zagaya bakin da zare, ta ninka shi biyu, ta sake ninkawa, ta ɗiga alama da gawayi a wuri huɗu. Kullum maganarta ɗaya: "Raba wuri tukuna, wuta ba ta gudu." Ni kuwa ina zan iya jira? Da ta miƙo mini ƙoƙon koyo sai in dira a kai. Haƙoran farko su fito manya-manya kamar na bijimin sa, in na zagayo sai in tarar wuri ya ƙare, in cusa na ƙarshe siriri a matse. Ƙoƙo nawa na ɓata haka, Allah kaɗai ya sani. Ba ta zubar da su, amma ba ta sa su a jere. Da su take dama wa masu sayen fura.

To da Malam Sabo, malamin ajinmu, ya ce kowa ya kawo zane, za a manna waɗanda suka fi kyau a bangon aji ranar da iyaye za su zo karɓar sakamako, ai ban yi wata shawara ba. Na ce ƙwaryar Goggo zan zana, kuma a kwamfuta. Asabar uku na yi ina kai dambu. Baba yana ci a bakin taga, ni ina kan kujerarsa da aka ɗora wa tarin fayil don in kai tebur. Kewayen ƙwaryar dai injin ne ya fitar, akwai wurin da ake dannawa a ja sai da'ira ta fito sumul. Sauran duka da maus na yi, kuma duk wanda ya taɓa zane da maus ya san abin kamar rubutu ne da guntun sabulu. Na yi balbela a tsakiya tsaye a bayan saniya, na goge ƙafar saniyar nan ya fi sau ashirin. Asabar ta biyu aka ɗauke wuta ban adana ba, rabin aikin ya tafi, na yi kuka har da majina. Asabar ta uku na jera haƙora a baki, Baba ya danna firinta, ta yi ta ƙara kamar ana yage sabon zani, takarda ta fito da ɗuminta. Na sa ta a tsakiyar littafin lissafi, na rungume har gida.

Ran Litinin yara suka kai nasu, masu jirgin sama da masu gida da bishiyar mangwaro, dukansu da fensir da kala. Malam Sabo ya karɓi tawa ya daɗe yana dubawa. Ya shafa da yatsa, ya juya bayanta ya ɗaga ta a haske, yana neman inda fensir ya lotsa takarda. Bai samu ba. Shi ba mugu ba ne, shi ne ma yake zana mana taswira a allo da hannu ɗaya ba tare da ya ɗaga alli ba. Ya ce, "Hansatu, zane na ce, ba aikin inji ba. Zane shi ne abin da hannu ya taɓa. Dubi kewayen nan, akwai ɗan'adam ɗin da zai yi shi haka?" Na ce kewayen ne kawai na inji. Ya ce wanda ya yi kewaye shi ya yi ciki. Ya miƙo mini takardata a gaban kowa, ya rubuta a littafinsa cewa ban kawo ba.

Ba rashin makin ne ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne an ce ba ni na yi ba. Kafin a fita hutun tara sunana ya koma "'Yar Inji". In mun zauna carafke na ci, sai a ce inji ne ya cafe mini. A dandalin gaɗa har amshi aka yi da sunan. Na kai ƙara wurin Baba, ya ce malami uba ne, ba zai je ya yi jayayya da shi a kan takarda ba. Inna ta ce in bar kumbura baki in zo in kama mata surfe. Kwana uku ina yawo da takardar a jaka, har ni kaina na fara tambayar kaina ko dai da gaskiyar Malam, tunda hannuna bai yi baƙi ba.

Ran Alhamis da tara, Goggo ta sauke ƙwaryar nononta a gindin darbejiyar bakin makaranta, inda take zama in ta shigo gari. Malam Sabo yana kan benci yana shan furarsa kamar yadda ya saba. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ban yi niyyar nuna mata komai ba, kunya nake ji, amma ta ce in ba ta takarda ta kore ƙuda, na zaro littafi, zanen ya faɗo. Ta ɗauka ta riƙe shi nesa da ido, ta juya shi a hankali yadda take juya ƙwarya, yatsanta yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Da ta zagayo sai ta tsaya, ta yi tsaki.

"Hansai, ke dai ba kya jin magana. Nan ma ba ki raba wuri ba? Dubi na ƙarshen nan, kamar haƙorin ɓera a bakin bijimin sa!"

Malam ya sauke ludayi. Ya ce, "Goggo, ai ba ita ta yi ba, inji ne."

Ta ce, "To injin ma ashe garaje ne da shi irin na 'yar nan. Malam, shanye furarka ka kifa ƙoƙon."

Ya kurɓe sauran ya kifa. A bakin ƙoƙon ga manyan haƙora sun taho da fahariya, ga na ƙarshe siriri an cusa shi a matse. Goggo ta ajiye takardar a gefensa a kan benci. Wuri ɗaya, kuskure ɗaya, har karkacewar iri ɗaya. Malam ya duba wannan ya duba wancan. Bai sallama nan take ba, ya ce to kewayen fa, ai yarinyar da bakinta ta ce inji ne ya yi. Goggo tana ɗauraye ludayi ta ce, "Ni ma ƙwaryar ba ni nake zagaye ta ba, haka nake samunta daga jikin duma. Kuma da yatsa ka ga ina ƙona ta? Wuƙa ce." Daga nan ta juyo kaina ta ci gaba da faɗa a kan zare, ita ko a jikinta, ba ta ma san an yi wata shari'a ba.

Ranar karɓar sakamako zanena yana bango, a jere na biyu, kusa da jirgin saman wani Auwalu. Malam Sabo ya ba ni shida cikin goma. A ƙasan takardar ya rubuta da jan biro: "A riƙa raba wuri." Ban taɓa jin daɗin shida irin na ranar ba, don maki huɗun da aka cire ni aka cire wa, ba inji ba.

Yau da zane nake kwana nake tashi. Babu wanda ya koya mini a aji, a waya na bi na koya, kuma in kuka bar ni sai in cika ku da surutu a kan abin da ake iya yi yanzu: launi dubu, alƙalamin da ke jin nauyin hannu, ga wurin da za ka danna ya raba maka baki gida huɗu ko arba'in ba tare da zare ba. Har yanzu in na sa aiki sai wani ya rubuto, ke kika zana ko kwamfuta? Ba na jin haushi, tambayar Malam ce, kuma ba tambayar banza ba ce. Sai dai Goggo ta rasu, rugar ta tashi, masu nono da yawa sun koma roba, kuma yanzu haƙorana duk daidai suke fitowa. Mutane suna yabawa, na gode musu. Amma wani lokaci in na gama sai in ɗaga gilashin nesa da ido in juya shi a hankali, ina jira a yi tsaki.

Masu yabo suna da yawa. Wadda za ta gane ni daga kuskurena ce babu.